Muhawara: wane iyafis ne ke jure ruwa da zufa, kuma ya danne ƙarar janareta?

Tela Mai Zare: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema kafin in saki kuɗina. Ina son iyafis na bulutut, irin ƙananan nan marasa igiya masu akwatin caji. Shagona a layin teloli yake, da an ɗauke wuta kowa sai ya tada janaretansa, ka ji kanka na neman tsagewa. Ga zufa, ga damina ta kankama, ni kuma a ƙafa nake komawa gida. Ina son wanda ruwa ba ya yi wa illa, kuma mai rage hayaniya. Wayata Infinix ce, abin da na ware bai wuce naira dubu 70 ba. Wani mai tebur ya nuna min ɗaya, an rubuta IPX8 da ENC a kwalin, ya ce har wanka zan iya yi da shi. In saya?

Mai Gyaran Waya: Wa alaikumus salam. Maigida, riƙe kuɗinka tukuna. Wannan ENC ɗin ba shi kake nema ba. ENC aikinsa a makirufo yake, yana tace muryarka ne don wanda kake waya da shi ya ji ka sosai. Kai da kake sanye da shi ba abin da zai rage maka, janaretan maƙwabcinka zai ci gaba da shiga kunnenka yadda ya saba. Wanda ke rage maka hayaniya a kunnenka ANC ake rubuta masa. Harafi ɗaya ne ya raba su, kuma da wannan harafin ake cin kuɗin mutane kullum a kasuwar waya ta Farm Centre. Wasu masu sayarwar ma ba mugunta ba ce, su kansu ba su san bambancin ba.

Ɗan Sahu: Kai! Ashe shi ya sa nawa ba ya rage komai. Ni da na zaci kunnena ne ya fi ƙarfinsa.

Injiniya: Bari in ɗauki ɓangaren ruwan, don can ma akwai magana. Lambar nan ta IP ba ado ba ce, ma'auni ne na ƙasa da ƙasa mai suna IEC 60529, kuma gurbi biyu gare ta. Gurbin farko na ƙura ne, daga 0 zuwa 6. Na biyu na ruwa ne. In ka ga X a gurbin farko, ana nufin ba a ba shi maki a kan ƙura ba, ko an gwada ko ba a gwada ba, kamfanin bai yi maka alkawarin komai ba.

A gurbin ruwa kuwa, 4 na nufin yana jure fantsama daga kowane gefe, wato yayyafi da zufa. 5 an feshe shi da tiyo, lita 12.5 a minti ɗaya. 6 feshin ya fi ƙarfi, lita 100 a minti. 7 an nutsar da shi a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. 8 ya wuce haka, amma kamfanin ne da kansa yake faɗin zurfin da tsawon lokacin. Saboda haka duk kwalin da ya ce IPX8 bai faɗi mita nawa ba, minti nawa ba, ka sa masa alamar tambaya.

Abin da mai tebur bai gaya maka ba shi ne, duk gwajin nan da ruwa zalla ake yinsa, mai tsabta, ba mai zafi ba. Ba a sa sabulu. Sabulu yana sa ruwa ya ratsa ƙananan kafofin da ruwa zalla ba zai iya shiga ba, tururi kuma ya fi shi iya kutsawa. Sannan wanda ya ci gwajin nutsarwa ba lallai ne ya ci na feshi ba, gwaji ne daban-daban. Wanka da shi dai, a'a.

Ɗan Gayu: Duk wannan dogon lissafi na mene ne? Ya sayi AirPods Pro kawai ya huta. Wanda ya san abu ya san shi.

Mai Gyaran Waya: Ɗan Gayu, ka karanta kuɗin da ya ce ya ware kuwa? AirPods Pro da za a ba shi a dubu 70 sabo a kwali, ko ba a buɗe ba na san jabu ne ɗan Shenzhen ta China. Kuma mutumin nan Infinix ke hannunsa. Ko na gaske ne, a Android zai yi sauti, zai rage hayaniya in ka matsa ƙafarsa, amma saituttukansa da sabunta manhajar cikinsa sai da na'urar Apple.

Ɗan Gayu: Nawa dai yana nuna hoto a fuskar waya da na buɗe akwatin. Orijinal ne.

Mai Gyaran Waya: Ƙanena, jabun ma suna nuna hoton nan, sun daɗe da koyon wannan. Har lambar da ke jikin kwali suna kwafowa daga na gaske. Tun iOS 16 a 2022 iPhone ke yin gargaɗi in ya kasa tantance AirPods, amma rashin ganin gargaɗin ba shaida ba ce. Ban ce naka jabu ba ne fa, ban gan shi ba.

Injiniya: Tunda an ambaci manyan, a kwatanta su, don mutane na zaton tsada ita ce jure ruwa. AirPods Pro na farko, na 2019, IPX4 ne. Na biyu ma haka ya fito a 2022, sai da aka sake shi da USB-C a 2023 ya koma IP54. Na uku, na 2025, shi ne ya kai IP57. Sony WF-1000XM5, wanda ana sa shi sahun gaba wajen rage hayaniya, IPX4 ne kacal. Na Bose QuietComfort ma IPX4. Samsung kuwa Galaxy Buds2 Pro IPX7 ne, Buds3 Pro IP57. Waɗanda suka kai IP68 galibi na 'yan motsa jiki ne, irin Soundcore Sport X20 na Anker da Jabra Elite 8 Active. Shi Jabra a 2024 kamfanin ya sanar zai daina yin jerin Elite, don haka in ka gan shi a kasuwa ragowar kaya ne.

To ka duba: Sony da Bose, da duk injiniyoyinsu, sun tsaya a 4. Sai wani kwali da ba a san uban da ya haife shi ba ya ce shi 8 ne, a kuɗin da bai kai na cajar waya mai kyau ba. Babu jami'in da ke tsaye a ƙofar kasuwa yana tsoma su a bokiti. Buga lamba a kwali ba ya cin ko sisi.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum mutanen Kano. Ku kuna ta batun ruwa, mu nan damina wata nawa ce duka-duka? Abin da ke kashe mana kaya ƙura ce. In hunturu ya shigo, ko cikin aljihu ka sa abu sai ka tarar da shi fari fat. Ni a ganina mutumin Arewa ya fi buƙatar lambar farko a kan ta biyu. IP54 ko IP55 ya fi min IPX7.

Injiniya: Wallahi ka faɗi gaskiya, Malam. 5 a gurbin farko na nufin ƙura na iya shiga kaɗan amma ba ta kai ta hana shi aiki ba, 6 kuma ba ta shiga sam. Masu rubuta sharhi a Turai da Amurka ba su damu da wannan gurbin ba don ba matsalarsu ba ce. Tela ma ga burbushin yadi da zare na yawo a shago. Sai dai a yi adalci: wanda aka toshe shi har ya jure nutsewa, a aikace ƙura ma ba ta samun hanya cikin sauƙi. Inda take taruwa shi ne a ragar bakin lasifika da ramukan makirufo, kuma can ko IP68 ne sai ka goge.

Mai Gyaran Waya: Ni bari in gaya muku abin da ke zuwa teburina, don ba ruwan sama ke kashe yawancinsu ba. Akwatin ne. Lambar da ke kwali sau da yawa ta 'yan kunnen ce kawai, akwatin ba ya ciki. Galaxy Buds ɗin da Injiniya ya ambata ma akwatinsu ba ya jure ruwa. Mutum zai cire iyafis jiƙe da zufa, ya jefa a akwati, ya rufe. Zufa gishiri ce, ga wuta na bi ta 'yan ƙarafan cajin nan. Bayan 'yan watanni ka ga sun yi kore, ɗaya ya daina caji, a zo a ce min batir ne. Ba batir ba ne, tsatsa ce. Ka goge shi da busasshen ƙyalle, ka bar shi ya sha iska kaɗan, sannan ka mayar. Wannan kaɗai ya fi maka ƙarin lamba biyu a kwali.

Kuma jure ruwan ba na har abada ba ne. Gam ne da roba da raga, suna tsufa, faɗuwa ƙasa na buɗe su. Apple da kansu sun rubuta cewa juriyar na raguwa da amfani, kuma garantinsu bai shafi ɓarnar ruwa ba. Yawancin kamfanoni haka suke.

Malamin Islamiyya: Ƙarin bayani kaɗan, tunda ba wanda ya taɓo shi. Mu masu alwala sau biyar ne a yini, kuma akwai shafar kunne, ciki da waje. Dole dai a cire shi. Na sha ganin samari a bakin famfon masallaci sun ajiye shi a kan dakali inda ruwa ke fantsama, ko su mayar da shi kunne da ɗanyen ruwa. A sa shi a aljihun gaba. Kuma don Allah a cire kafin a shiga sahu, ana ganin wasu da shi har cikin salla.

Hajiya Nas: Malam ya taɓo inda nake so in yi magana. Toshe jiƙaƙƙen kunne da roba na awanni yana jawo ƙaiƙayi da ciwon ramin kunne, don danshi da ɗumi su ƙwayoyin cuta ke so. A bar kunne ya bushe. A daina karɓar na aboki ana sawa. Robar kuma a ciro ta a wanke, ta bushe sarai kafin a mayar.

Na biyu, ƙarar sauti. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga babba shi ne desibel 80 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) na awa 40 a mako. Duk ƙarin desibel 3, lokacin ya ragu da rabi. Wato a 83 awa 20, a 86 awa 10, a haka har ka zo inda 'yan mintuna ne. Hukumar ta ce matasa sama da biliyan 1 na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro. Kuma jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa.

Ɗan Gayu: To Hajiya ai ni na ji an ce shi ANC ɗin ne ma ke lalata kunne. Wani abokina in ya kunna sai ya ce kansa na juyawa.

Hajiya Nas: Wasu na jin kamar an danne musu kunne, wasu har jiri kaɗan, musamman a farko. Wanda bai saba ba ya rage ƙarfinsa a manhaja ko ya kashe. Amma a wurin mutum irin Tela amfaninsa ya fi yawa. Wanda ba shi da ANC me yake yi in janareta ta tashi? Ƙure sauti yake yi don ya rinjayi janaretar. Wannan ne mai kashe kunnen. In an rage masa rurin, sai ya saurara a ƙasa-ƙasa. Sai dai kada mai injin niƙa ko mai aikin walda da gurza ƙarfe ya ɗauka wannan ya maye masa abin toshe kunne na ma'aikata. Ba don haka aka yi shi ba.

Tela Mai Zare: Allah Ya saka da alheri, ina biye da ku. Injiniya, tambayata ita ce, da gaske zai kashe ƙarar janaretar gaba ɗaya? Da ta keken ɗinki?

Injiniya: Gaba ɗaya a'a, amma janareta na cikin abin da ya fi iyawa. Ga yadda yake: akwai ƙaramin makirufo a waje yana sauraron hayaniya, masu kyau suna da wani a ciki yana jin abin da ya tsallake. Sai na'urar ta fitar da sauti kishiyar wancan daidai wa daida, inda wancan ya tura iska wannan ya ja. Kamar mutum biyu masu ƙarfi ɗaya suna jan igiya, kowa na aiki amma igiyar ba ta motsi.

Wannan dabara ta fi cin sauti mai kauri wanda ba ya canzawa. Ƙaramar janareta tana juyi 3000 a minti don ta ba da wuta mai hez 50 (hez shi ne yawan kaɗawa a daƙiƙa ɗaya), rurinta iri ɗaya ne daga safe har dare, na'urar na iya cim masa. Haka fanka, injin mota, na'urar sanyaya ɗaki, jirgin sama. Sauti mai hez 100 tsawon zangonsa ya kai mita 3.4, mai hez 4000 kuwa bai kai santimita 9 ba. Gajeren nan kuskure kaɗan a lokaci ya isa ya ɓata lissafin. Shi ya sa hon, kukan yaro, muryar mai talla da kat-kat ɗin kekenka za su ragu ne kawai, ba za su ɓace ba. Abin da ke tare su ita ce robar da ta toshe kunnen.

Dabarar ma tsohuwa ce. Wani Bajamushe, Paul Lueg, ya samu rajistar ta a Amurka tun 1936, kayan aikin zamaninsa ne ba su kai ba. Sai a 1989 Bose ya fitar da ita kasuwa, kuma matuƙa jirgin sama ya yi wa, saboda rurin inji.

Ɗan Gayu: Injiniya an shiga aji. Saura jarrabawa.

Mai Gyaran Waya: Bar shi ya yi, kyauta muke sha. Batun robar nan da ya faɗa a ƙarshe, nan gizo ke saƙa. Ana sa girma uku a kwali, wasu huɗu, mutane ba sa ko buɗe ledar. In robar ta yi maka ƙanƙanta iska na shiga ta gefe, ANC ya zama banza, kiɗan ma ya rasa nauyi. Gwada duka, kuma kada ka yi mamaki in kunnen dama da na hagu ba girma ɗaya suke so ba. Irin marasa roba ɗin nan masu zama a bakin kunne, ko an ce suna da ANC ba sa kamo masu roba a wuri mai janareta.

Ɗan Sahu: To ni fa? Yini nake a kan titi, injin a ƙarƙashina, ga hon ta ko'ina. In sayi mai ANC ɗin in huta?

Baba Direba: Yaro, kada ka soma. Mai tuƙi da kunnensa yake ganin abin da ke bayansa. Tirela na tafe, birkinta ya ƙi, hon kawai direban ke da shi, kai kuma ka toshe kunne biyu da fasinja a baya. Mu kan canjin ƙarar inji muke gane mota na da matsala kafin ta tsaya. In dole ne sai ka amsa waya, sa ɗaya, ka bar ɗaya a buɗe.

Ɗan Sahu: Baba ai Injiniya ya ce ba ya kashe hon.

Baba Direba: Ya ce yana ragewa. Ka haɗa da waƙar da kake ji a ciki. Kuma fasinja zai ce "a nan" sau nawa kafin ka ji?

Injiniya: Baba ya fi ni gaskiya a nan. Akwai yanayin da ke shigo maka da sautin waje ta makirufo, kusan duk mai ANC yana da shi, yana da amfani in kwastoma ya shigo shago. Amma a abin hawa mara gilashi iska na bugun makirufon, sai ka ji fuuu ta rufe komai. Ga mai tuƙi ban ba da shawarar ko wanne ba. Tela ma da ke tafiya a ƙafa da dare, mun san halin da ake ciki da masu ƙwacen waya a Kano. Farin abu a kunne talla ce cewa akwai waya a aljihu, kuma ba za ka ji takun wanda ke bayanka ba.

Shugaban Zaure: Jama'a an fara nisa. Mutum ya ce dubu 70, har yanzu ba wanda ya ce masa ga abin da zai saya.

Mai Gyaran Waya: Gaskiya ne, shugaba. Maigida, a kuɗinka ka manta da Sony da Apple da Bose. Ka duba masu suna na tsakiya waɗanda ake samu a gari: Oraimo, Soundcore, Redmi da ire-irensu. Oraimo ɗan gidan Transsion ne, su ne masu Tecno da Infinix da itel, kuma kayansu ba wuyar samu. Amma ba kowane samfurinsu ke da ANC ba, kuma su ma ana yi musu jabu, don haka a shagon da ke ba da rasit da garanti za ka saya, ka kankare lambar tantancewa in akwai. Ka nemi ANC a rubuce ɓaro-ɓaro, IPX5 ko IP54 zuwa sama, da manhajar da za ka iya saita shi a Android. IPX5 na kamfanin da ke da adireshi ya ishe ka ruwan da zai same ka tsakanin shago da gida. In ruwan ya zama na kwararo-kwararo, ai wayar ma ɓoye ta kake yi.

Kuma kada ka yi cinikin biri a sama. Sa shi a kunne a nan shagon, kada ka kunna waƙa ko kaɗan, ka tsaya kusa da janaretarsu ko fanka, ka kunna ANC ka kashe. Na gaske za ka ji rurin ya faɗa nan take. Na bogi zai yi maka 'yar ƙara "tin", ko wata murya ta sanar da kai an kunna, amma ba abin da ya canza. Mai shagon da ya hana ka gwadawa, ka yi gaba.

Injiniya: Ƙari ɗaya a kan batir. Awannin da ake bugawa da manyan baƙaƙe a gaban kwali yawanci jimilla ce har da cajin akwati, kuma da ANC a kashe. Nemi na sauraro ɗaya da ANC a kunne. Don ka samu abin aunawa, AirPods Pro na biyu awa 6 ne, Sony XM5 awa 8. Kwalin da ya ce maka awa 60, tambayi nawa ne kafin ka mayar da shi akwati. Batun LDAC da aptX kuma, wato hanyoyin da waya ke tura sauti ta bulutut, kada ya ɗauke maka hankali, in karatu da labarai da waƙoƙin WhatsApp kake ji, hanyar da aka saba, AAC, ta wadatar.

Tela Mai Zare: Na gode ƙwarai. Na fasa na mai tebur. Ranar Asabar zan shiga kasuwa in yi gwajin janaretar da kunnena.

Hajiya Mai Atamfa: Ku yi haƙuri na shigo a makare. Ni waya biyu nake riƙewa, ta kasuwa da ta gida. Akwai wanda ke kama duka biyun lokaci guda? Kuma ɗana ya ce in sayi na hannu, wai manyan nan in an yi amfani da su a waje suna sauƙi.

Mai Gyaran Waya: Akwai, Hajiya. Ki ce a ba ki mai haɗa na'ura biyu, kuma a gwada miki da wayoyinki a gabanki: a kira ɗaya, a katse, a kira ɗayar. Na hannu kuwa ban ba ki shawara ba. Batirin cikinsu ƙanƙane ne, bayan shekara 2 zuwa 3 ya soma gajiya, kuma yawancinsu da gam aka like su, in na buɗe don in canza batir juriyar ruwan ta tafi ke nan. Ba ki san zufar wa ya sha ba, ba ki san sau nawa ya faɗi ba. Sannan ko sabo kika saya, kada ki bar akwatin a cikin mota a rana, zafin Afrilu na nan yana haura digiri 40 a waje, balle cikin rufaffiyar mota.

Hajiya Mai Atamfa: To in ɗaya ya ɓace fa? Ɗankwali na yawan ture min shi.

Mai Gyaran Waya: Apple da Samsung suna sayar da ƙwaya ɗaya a cibiyoyinsu, a haɗa miki da tsohon. Ƙananan kamfanoni galibi sai dai ki sake sabon saiti. Tunda ɗankwali ne matsalar, nemi mai ɗan fiffike na roba da ke maƙalewa a cikin kunne, kada ki ɗauki mai doguwar ƙafa, ita ce yadi ke kamawa. Mai ƙugiya ta bayan kunne ya fi riƙo, amma in kina sa tabarau za su yi ta rigima a wuri ɗaya.